Kufai da Masauki: Waiwaye a kan Tsofaffin Garuruwan Masarautar Gombe da Baƙin da ke Ziyartarsu

1.0 Gabatarwa

Birnin Gombe na yau yaro ne idan aka auna shi da sarautar da ke zaune a cikinsa. A shekarar 1919 aka mayar da hedikwatar masarautar zuwa wurin, alhali kuwa ita masarautar ta kafu ne tun daga tutar da Modibbo Buba Yero ya karɓo daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19. Ke nan shekaru fiye da ɗari na tarihin Gombe a wajen birnin Gombe suka auku. Sun auku ne a bakin kogin Gongola, a Gombe Abba da Burmi da Nafada, wuraren da darajar wasunsu ta ragu bayan tashin sarauta, ɗaya kuma ya zama kufai. Baƙon da ya zo neman wannan tarihi yawanci a cikin birni yake sauka, ya yi sammako ya je ya gano, ya komo kafin duhu.

A wasu sassa na duniya abin ya sha bamban. A ƙasar Guwatamala ta Amurka ta Tsakiya, baƙo kan kwana a masauki a bakin tafki cikin ƙungurmin kurmi, ya tashi da asuba ya taka da ƙafa zuwa gine-ginen al'ummar Maya waɗanda aka bari fiye da shekara dubu. Wannan maƙala za ta bi tarihin tsofaffin garuruwan kwarin Gongola, ta kwatanta su da na Maya, domin nuna cewa masauki a kusa da kufai bayan bincike yake zuwa, kuma tun da kufaifan Gombe na ƙasa ne, mafi yawan abin da ya rage daga gare su yana cikin sunaye da bakunan mutane. Wannan shi ya sa farkon aikin ya rataya a wuyan manazarta harshe.

2.0 Kalmomin Kufai da na Masauki

Hausa ta bambanta kango da kufai. Kango gini ne da aka bari, rufinsa ya zube amma bangonsa na tsaye. Kufai kuwa wurin da gari ya taɓa zama ne, aka tashi aka bar shi. Sau da yawa ba a ganin ko bango ɗaya a kufai. Abin da ke shaida shi shi ne kukoki da suka taru wuri guda a tsakiyar daji, da ramukan marina, da tsofaffin rijiyoyi, da tsingaro da garma ke tonowa, da wani dogon tudu wanda sai mai lura zai gane ganuwa ce ta kwanta. Fulani na kiran irin wannan wuri winnde.

Ta ɓangaren sauka kuma, kafin zuwan Turawa matafiyi na da hanyoyi sanannu. Ayari kan yada zango a bayan gari kusa da ruwa, ƙarƙashin jagorancin madugu. Falken da ya shiga gari kan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya karɓi la'adarsa. Baƙon sarki kuwa fada ce ke nema masa gidan da zai sauka. A duk waɗannan, baƙo cikin mutane yake kwana. Babu wanda ke gina masauki a kufai, domin a tunanin jama'a kufai mazaunin iskoki ne, ana ratsa shi da rana, ba a neman dare ya yi wa mutum a cikinsa.

Turawan mulki ne suka zo da ɗakin da aka keɓe a bayan gari don baƙo shi kaɗai. Di'o mai rangadi na buƙatar wurin kwana a kowane zango, sai aka ɗora wa En'e da dagatai gina bariki da gyaransa, aka kuma sa mai tsaro da ake kira sarkin bariki. Kalmar bariki daga Ingilishi aka aro ta, daga sunan mazaunin soja, amma Hausa ta faɗaɗa ta. Ta zama masaukin Bature, ta zama unguwar ma'aikatan gwamnati, daga nan ta haifi ɗan bariki da zaman bariki, waɗanda ba yabo ba ne a bakin dattijo. Har gurɓatacciyar Hausar da sojoji ke yi da juna an raɗa mata suna Barikanci. Wannan nauyi da kalmar ta ɗauko zai sake tasowa a gaba, idan aka zo batun gina masauki kusa da kaburburan magabata.

3.0 Garuruwan Bakin Gongola

Kogin Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya nufi arewa maso gabas har Nafada, sa'an nan ya yi kwana ya gangara kudu, ya wuce ta Dadin Kowa, ya faɗa Binuwai a Numan. Cikin wannan lanƙwasa ƙasar Gombe take, kuma duk garuruwan da za a ambata a nan a kan gaɓarsa suke ko kusa da ita.

3.1 Gombe Abba

Buba Yero almajirin Shehu ne, kuma ya riga ya tara jama'a a kwarin Gongola tun kafin a ba shi tuta. Ya yi ta fama da Bolewa da Terawa da Jukunawan Pindiga, ya zauna a Ribadu, garin da sunansa kansa daga kalmar ribaɗi ya fito. A wajejen 1824 ya kafa Gombe Abba, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Dukku. Nan ya rasu a 1841, nan kuma kabarinsa yake. Ɗansa Sulaimanu ya gaje shi na shekara uku, sa'an nan Muhammadu Kwairanga ya hau a 1844 ya yi mulki har 1882. Garin ya riƙe sarauta kusan shekara casa'in.

Duk da haka, wanda ya je da tsammanin ganin birnin sarakuna a tsaye zai dawo da mamaki, kuma dalilin yana cikin kayan ginin. Da tubali aka yi fada da masallaci da ganuwa, aka rufe soraye da azarar giginya, aka shafe bango da makuba don ta kare shi daga ruwa. Gini ne mai ƙarko matuƙar ana bin sa da yaɓe bayan kowace damina. Ganuwa musamman aikin gayya ce. Sarki ke ba da umarni, a raba wa kowane hakimi rabonsa, ya fito da mutanensa da kaka su cike inda ruwa ya ci. Da sarki ya tashi, kuma zaman lafiyar da aka samu ya sa ba a tsoron hari, sai gayya ta mutu. Daga nan damina kan ɗebi nata kowace shekara, manomi ya faɗaɗa gonarsa ta kan tudun, magini kuma ya haƙi ƙasar ya buga sabon tubali. Ginin ƙasa ba ya buƙatar maƙiyi kafin ya rushe, sakaci kaɗai ya ishe shi. Garuruwan Jenne da Tumbutu a Mali, da Agadas a Nijar, su ma na ƙasa ne, hukumar UNESCO kuma ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya (biyun farko a 1988, Agadas a 2013), amma sun tsira ne don masu su ba su tashi ba, suna nan suna yaɓe.

Gombe Abba ba ta zama kufai ɗungum ba, da mutanenta. Abin da ya tashi daga cikinta sarauta ce, kuma abin da ke jawo mai ziyara har yau shi ne kabarin wanda ya kafa ta.

3.2 Burmi

Burmi ita ce kufai na haƙiƙa, domin da gangan aka rushe ta. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye ta yau, ba nisa da Bajoga. Sunanta ya fara fita ne a ƙarshen shekarun 1880, lokacin da Malam Jibrilla Gaini ya mai da ita sansaninsa. A waɗannan shekaru labarin Muhammad Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahadi a Sudan a 1881 ya kuma ci Khartum a 1885, ya game ƙasashen Daular Sakkwato. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya karɓi da'awar ya kafa zama a Balda, shi kuma Jibrilla ya bi sahunsa. Wurin da ya zaɓa ba a banza ba ne. Dutsen Bima na nan kusa, kuma an daɗe ana riwayar cewa yana da alaƙa da bayyanar Mahadi da hijirar ƙarshen zamani zuwa gabas.

Sarakunan Gombe sun kasa murƙushe shi. Sarki Zailani ya rasa ransa a sanadiyyar yaƙin da ya kai wa Burmi a 1888, kuma shekaru goma sha huɗu bayan haka Jibrilla na cin karensa babu babbaka a wani babban yanki na masarautar. Turawan Ingila ne suka kama shi a 1902, a yaƙin da rundunar Kanar Morland ta yi da shi, aka kai shi Lakwaja inda ya ƙare rayuwarsa. A wannan shekara ce kuma Sarkin Gombe Umaru ya karɓi Turawa ba tare da yaƙi ba.

Kama Jibrilla bai kashe garin ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya fita da nufin hijira zuwa gabas. Duk inda ya ratsa mutane na barin gonakinsu suna bin sa, talakawa da malamai da masu sarauta, abin da ya tayar wa Turawa hankali fiye da yaƙin Sakkwato kansa. Cikin waɗanda suka taru tare da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda Turawa ke nema ruwa a jallo saboda kisan Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim, babban malamin Tijjaniyya daga zuriyar gidan Alhaji Umaru Futi. A ranar 13 ga Mayu wata runduna ƙarƙashin Kyaftin Sword ta kai wa Burmi hari, mutanen gari suka kore ta. Turawa suka sake shiri, suka komo ranar 27 ga Yuli ƙarƙashin Manjo Marsh. An wuni ana gwabzawa. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh, Attahiru ya faɗi tare da mutanensa fiye da 600, aka ƙone garin aka rushe shi.

Waɗanda suka tsira sun ci gaba da tafiya. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai jama'arsa Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Alfa Hashim ya isa Madina. Saboda haka wani kaso na labarin Burmi a Sudan da Hijaz yake, a bakin jikokin waɗanda suka bar ta. A wurin kansa kuwa, abin da ake nuna wa baƙo shi ne fili da kaburbura, na Sarkin Musulmi da na Manjo Marsh, ba nisa da juna.

3.3 Nafada da Doma

A 1913 Turawa suka sa aka mayar da hedikwata Nafada, inda suke da sansanin soja, inda kuma jiragen ruwa ke iya kaiwa da damina. Shekara shida kawai aka yi can. A 1919 aka sake tashi zuwa Doma, wadda ta fi kusa da tsakiyar ƙasar da kuma yankunan Tangale da Waja na kudu. Sarki Umaru, wanda ya yi mulki daga 1898 zuwa 1922, shi ya zauna a duka mazaunan uku. Doma ce mazauni na farko da ya yi nisa da kogi, kuma garin ya daɗe yana biyan wannan da ƙarancin ruwa. Amma ya bunƙasa. An kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, ranar 1 ga Oktoba, 1996 kuma ya zama babban birnin jiha. Duk wani masauki na kirki, daga barikin Turawa zuwa otal-otal na yau, nan ya taru, a garin da ya fi kowane ƙarancin kufai.

4.0 Misalin Ƙasar Maya

Birnin Tikal yana lardin Peten a arewacin Guwatamala. Ya kai ƙololuwar ƙarfinsa tsakanin ƙarni na 3 da na 9 na Miladiyya. Dutse na ƙarshe mai ɗauke da kwanan wata da aka kafa a cikinsa na shekarar 869 ne, bayan haka jama'a suka yi ta raguwa har kurmi ya rufe shi. Da farar ƙasa mai tauri aka gina shi, dutsen da ake fafewa a sassaƙa, kuma mafi tsawon ɗakunan bautarsa ya kusa mita 70, kansa ya zarce itatuwan kurmin. Shekaru kusan dubu na ruwan sama da saiwoyi ba su kwantar da shi ba. A 1848 gwamnan yankin Ambrosio Tut da kwamishina Modesto Mendez suka kai ziyarar da ta sanar da duniya wurin.

Abin lura shi ne tsarin da abubuwa suka bi. An ayyana Tikal wurin da hukuma ke karewa a 1955. Daga 1956 zuwa 1970 Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka ta yi aikin tono da auna gine-gine a wurin. Masu wannan aiki na buƙatar wurin kwana, sai aka yi musu ɗakuna a cikin kurmin, kuma waɗannan ɗakuna su ne tushen masaukin baƙi mafi daɗewa a Tikal. UNESCO ta sa wurin cikin jerinta a 1979. Watau mai bincike ne ya fara kwana, ya samar da taswira da labari, sa'an nan mai yawon buɗe ido ya gaji gadonsa. Baƙon da ke biyan kuɗin ɗaki a yau labarin yake saye tare da ganin ginin.

Gabas da Tikal akwai wani kufai a bakin tafki mai suna Yaxha, wanda ake furtawa Yasha, inda shi ma ake da ƙananan masaukai a gaɓar ruwa. Wannan wuri ya fi shafar manazarcin harshe. Bayan da Yuri Knorozov na Rasha ya nuna a 1952 cewa rubutun Maya na ɗauke da gaɓoɓin sauti, masana suka fara karanta abin da ke jikin duwatsun. A 1985 David Stuart ya nuna cewa alamar da ke wakiltar wannan birni ana karanta ta Yaxha, ma'ana ruwa mai launin shuɗi da kore, watau daidai da sunan da mutanen yankin ke kiran tafkin da shi har lokacin. Birni ya mutu, sarautarsa ta shuɗe, amma sunan ya rayu fiye da shekara dubu a bakin manoma da mafarauta. Tikal kuwa ta yi rashin wannan sa'a, domin sunanta na yanzu daga baya ya samu, sai daga rubutun aka gano cewa masu ita Mutal suke ce mata.

Ita ma ƙasar Maya tana da tata Burmi. Garin Nojpeten, a kan tsibiri cikin tafkin Peten Itza, shi ne masarautar Maya ta ƙarshe mai cin gashin kanta, kuma sai a 1697 Sifaniyawa suka ci shi. Amma su a kansa suka gina sabon gari, wanda ake kira Flores, kuma nan ne mafi yawan masu zuwa Tikal ke sauka a yau.

5.0 Yankari da Dadin Kowa

Mafi kusa da wancan tsari a wannan yanki shi ne Yankari, a Jihar Bauchi, jihar da Gombe ke cikinta daga 1976 zuwa 1996. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi ranar 1 ga Disamba, 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A tsakiyarsa akwai masaukin Wikki, a bakin wata maɓuɓɓuga wadda ɗumin ruwanta ba ya sauka daga wajen digiri 31 rani da damina. Baƙo kan kwana nan cikin kukan namun daji, kuma a cikin dajin akwai kufaifai na gaske: rijiyoyin Dukkey fiye da 130 da aka fafe a dutse, da matoyan tama masu yawa na maƙeran da, da koguna 59 da mutane suka sassaƙa a jikin tsauni suka zauna a ciki.

Sai dai don giwa da ɓauna aka gina Wikki, kufaifan ƙari ne a kan tafiya. Shaidar haka tana cikin suna. Kogunan nan ana kiransu da sunan P. J. Marshall, Baturen da ya ba da rahotonsu a 1980. Waɗanda suka sassaƙa su, da harshen da suke yi, da abin da suke kiran wurin, duk ba su shiga sunan ba. Inda masauki ya riga tambaya zuwa, haka kan faru: baƙo na da gado da abinci, amma labarin da za a ba shi gajere ne.

Gombe kuma ta sami tafki. A shekarun 1980 Gwamnatin Tarayya ta datse Gongola a Dadin Kowa, kimanin kilomita 37 gabas da birnin, ruwa ya kwanta a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 300, ya miƙa arewa ta gindin Dutsen Bima. Daga nan ake turo wa Gombe ruwan sha, watau kogin da sarauta ta bari a 1919 ya biyo ta ta bututu. Tashar lantarki mai megawat 40 da aka tsara tun farko sai bayan shekaru fiye da talatin ta fara aiki. Akwai dorina da masunta a tafkin, ga dutse mai tarihi a gefensa, ga Burmi a sama da shi a kan kogi ɗaya. Wanda ya san Yaxha, idan ya tsaya a nan, dole ya ga kama. Tunanin a gina masauki a bakin wannan ruwa tunani ne mai kyau, amma akwai abubuwa biyu a gabansa.

Na farko shi ne bambancin ziyara da yawon shaƙatawa. Gine-ginen Tikal na addinin da masu mulkin ƙasar suka daɗe da bari ne. Kabarin Buba Yero da na Attahiru kuwa na mutanen da zuriyarsu ke kan gadon sarauta ne, kuma jama'a na ɗaukar waɗanda suka faɗi a Burmi a matsayin shahidai. Mai zuwa wurin da alwala yake zuwa, ya yi addu'a ya juya. Duk ginin da jama'ar wurin za su kalla su ce bariki ne, da ma'anar da kalmar ta ɗauka, ba zai sami karɓuwa ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Masaukin da zai zauna lafiya kusa da Burmi ya fi kama da gidan fatoma ko zauren malami fiye da otal. Na biyu shi ne abin da za a gaya wa baƙon idan ya kwana ya tashi, tun da babu dogon gini da zai yi magana da kansa.

6.0 Abin da ya Rage a Baki

Ƙasar Gombe ba baƙuwa ba ce ga masana harshe. A kan Fulfulden Gombe D. W. Arnott ya gina littafinsa na nahawun Fulatanci na 1970. A shekarar ce kuma Paul Newman ya fitar da nahawun Teranci. Herrmann Jungraithmayr ya wallafa ƙamusun Tangale a 1991, Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba kuma sun yi aiki mai yawa a kan Bolanci. Ta fuskar tarihi, Victor Low ya tattara riwayoyin baka na Gombe da Katagum da Haɗeja ya buga a 1972, a lokacin da ake iya samun tsohon da ya ga 1903 da idonsa. Wannan zamani ya wuce. Waɗanda suka ji daga bakin shaidun ma sun manyanta, kuma Hausa na ta mamaye harsunan yankin a kasuwa da makaranta har da cikin gida. Idan harshe ya ja baya, sunayen fadamu da tuddai da mashigai ne kan fara canza kama, domin mai sabon harshe yakan lanƙwasa sunan ya dace da bakinsa, ko ya raɗa wani.

Sunan Burmi kansa misali ne. Turawa sun rubuta Burmi da Bormi, a Gombe kuma ana rubuta Mbormi. Hausa ba ta fara kalma da baƙi mai ɗaurin hanci irin mb, amma Fulfulde da Bolanci suna yi. Saboda haka siffar da ta shiga littattafai ta nuna bakin da sunan ya bi kafin ya kai ga alƙalami, wato bakin tafinta da sojan da ke jin Hausa. Haka sunan Gombe ya bi sarauta ya tashi. A yau idan an ce Gombe kawai sabon garin ake nufi, tsohon sai an haɗa masa da Abba, Doma kuwa ta koma sunan unguwa da na ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Garuruwan da tafkin Dadin Kowa ya tasa su ma sun tafi da sunayensu zuwa sababbin matsugunai, suka bar sunayen gonaki da mashaya a ƙarƙashin ruwa, inda ba mai sauran dalilin ambatonsu.

Irin wannan abu ba ya tattaruwa a ziyarar wuni guda daga otal a Gombe. Tsoho ba ya buɗe ciki ga wanda ya bar mota tana jiransa. Sai an kwana, an yi sallar asuba tare, an bi shi gona, sa'an nan zai nuna inda ƙofar gari take a da, ya faɗi sunanta, ya faɗi wace zuriya ce ta fita ta nan da inda ta nufa. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011 suna da ɗalibai 'yan asalin waɗannan ƙauyuka, masu jin Fulfulde da Bolanci da Teranci tun daga tsatso. Ɗaki biyu a Gombe Abba da biyu a kusa da Burmi, da na'urar ɗaukar magana, da taswirar da za a riƙa sa kowane suna a gurbinsa tare da yadda masu wurin ke furta shi da karin sautinsa, sun isa a fara. Daga nan sai a bi sawun ayarin har Mai Wurno, a ji da wane suna jikokin mutanen Attahiru ke kiran garin da kakanninsu suka baro.